Mutum Shida, Wuri Biyar

Da ƙyar aka shigar da Malam Sale cikin motar. Mujitaba, babban ɗansa, ya rungumo shi ta ƙirji, Abdulmalik mai motar ya kama ƙafafu, suka kwantar da shi a kujerar baya ta tsohuwar Golf ɗin, hularsa ta faɗa cikin taɓo. Tun da safe yana tsaka da cirar ciyawa a gonar shinkafarsa a Ɗansoshiya ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya daina motsi, baki ya karkace. Ma'aikacin ɗan asibitin da suka kawo shi ya yi iya abin da zai iya. Ya auna jini, ya girgiza kai, ya yi masa allura, sannan ya rubuta takarda ya ce a wuce da shi Kano yanzu, kada a jira azahar.

Takardar tana hannun Muhsina, 'yar Malam Sale ta uku kuma matar Abdulmalik. Tana tsaye a gefen motar da cikinta na wata takwas, wanda kowa ke gani amma ba mai ambatawa a gaban manya. Baffa Mudi, yayan mahaifinta, tuni ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, ya miƙe ƙafarsa ta hagu wadda ba ta lanƙwasuwa tun shekarar da babur ya danne shi. Mahaifiyarta kuwa, Inna, tana can nesa kaɗan a gindin darbejiya da ƙullin kaya a hannu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta saboda surukinta yana wurin. Kowa ya shirya tafiya, kuma mota ɗaya ce. Ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki ce, duk abin da ke da taya huɗu a yankin ya tafi can tun hantsi.

"To me ake jira?" in ji Baffa daga cikin mota. "Muhsina, ke ce malamar lissafi. Tsara mu mu tafi."

Ba da wasa ya faɗa ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Lissafi take koyarwa a makarantar 'yan mata a Kiru, ranar Asabar kuma tana horar da masu shirin jarrabawar neman aiki. A nan ne ta yi suna a kan tambayoyin zama, irin waɗanda ake cewa mutum shida za su zauna a layi, idan wane ya zauna a farko to wance ba za ta zauna kusa da shi ba, idan wance tana dama to wane yana hagu, sai a ce ka faɗi wanda ke ƙarshe. Ɗalibanta sukan yi ta zufa a kansu, ita kuwa kamar tana tsince tsakuwa a wake. Dabararta ɗaya ce, kuma takan maimaita ta har su haddace: a fara da wanda wurinsa ba ya canzawa, a bi kowane "idan" har inda ya tsaya, duk abin da ba zai yiwu ba a soke shi ba tare da jin tausayi ba.

Ta juya bayan takardar asibitin, ta ɗora ta a kan rufin motar, ta zaro biro daga jaka. Kanta na aiki yadda ya saba.

Abdulmalik ne direba, wannan ba magana. Baba yana kwance a tsakiyar baya. Idan yana kwance, to dole mutum ɗaya ya riƙe masa kai, ɗaya ya ɗauki ƙafafunsa a cinya, wuri biyu ke nan a baya. Idan Baffa zai je, to a gaba zai zauna, don ƙafarsa ba ta shiga baya. Kuma Baffa zai je, don duk Ɗansoshiya ba a haifi wanda zai ce masa ya sauko ba. Idan an isa Kano ɗakin maza za a kwantar da Baba, idan kuwa ɗakin maza ne to sai da namiji mai ƙarfi da zai ɗaga shi ya juya shi ya kai shi bayan gida, wato Yaya Mujitaba. Idan likitoci suka fara zuba Turanci suna miƙo takardu, dole a samu wanda zai gane abin da suke cewa, ita ke nan. Sunanta ma shi ta fara rubutawa kafin na kowa, kuma ba ta tsaya ta tambayi kanta ko don Turancin ne kaɗai ba. Ubanta ne, tana son ta je.

Ta ƙirga. Wuri biyar, sun cika. Saura Inna.

Akwai dai wani ɗan wuri da ba kujera ba. A motocin hayar wannan hanya mutum biyu ake cusawa a gaba, ɗaya ya ɗosana a tsakani kusa da giya. Muhsina ta zana shi a takardar. Idan Yaya Mujitaba ya zauna nan, ƙaton da buhun masara ba ya ba shi wahala, to giya ba za ta shiga ba, ƙafar Baffa kuma ta shiga uku. Idan ita ce, cikin ba zai bari ba. Mutum ɗaya ne zai iya shiga wurin, Inna, 'yar firit ɗin tsohuwa. Amma idan Inna ta zauna nan, kafaɗarta ɗaya za ta jingina da ta yayan mijinta, ɗayar da ta mijin 'yarta. Innar da tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa sa loma a baki a gaban Baffa ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. Innar da idan Abdulmalik ya zo gaisuwa daga bayan labule take amsawa, shi yana durƙushe a tsakar gida yana magana da ƙofa. Muhsina ta ja layi biyu ta soke wurin.

Duka wannan bai ɗauke ta minti biyu ba. Abin kunyar shi ne, a tsakiyar tashin hankalin nan sai da ta ji ɗan daɗin da takan ji idan tambaya ta warware tsaf ba saura.

Ta taka zuwa gindin darbejiyar, ta rage murya.

"Inna, motar ba za ta ɗauke mu duka ba. Na duba ta kowace hanya. Ki koma gida ki huta, gobe da sassafe Abdulmalik zai dawo ya ɗauke ki. Lokacin an ba shi gado, kin ga sai ki taho da tabarma da abinci."

Inna ta dubi motar ta saman mayafinta. Ta daɗe tana duban ta, ba bayan ba, gaban. Sannan ta dubi 'yarta kamar mai jiran a ƙara wata magana. Muhsina ba ta ƙara komai ba, hankalinta yana kan agogo.

"To," in ji Inna. Ta miƙa mata ƙullin. "Akwai zane biyu da ruwan zafi. Kada ki ɗaga masa kai da yawa, wuyansa na ciwo tun bara. Idan zai sha ruwa da cokali za ki ba shi."

Ta tako a hankali har bakin tagar baya, ta sunkuya ta ɗauki hular da ta faɗi, ta goge taɓon da bakin mayafinta, ta miƙa wa Muhsina maimakon ta sa masa da kanta, saboda idon mutane. "Allah ya sawwaƙe, Malam," ta ce, da muryar da ake gaida maƙwabci. Malam Sale idonsa a rufe yake. Abdulmalik ya tada mota.

Hanyar ta jiƙe da ruwan kwana biyu. Motar tana shiga rami tana fita, Mujitaba ya danne ƙafafun mahaifinsa da hannu biyu, Muhsina ta tallafe kan a cinyarta tana jin nauyinsa yana tokare mata ciki. Baffa yana jan carbi yana faɗa wa Abdulmalik inda zai bi, ko da yake Abdulmalik kullum sai ya bi hanyar sau huɗu. Gero da dawa sun yi kore shar a gefe da gefe, wasu Fulani suna kora shanu a bakin wata fadama, duniya tana ta harkarta kamar ba abin da ya faru. Wannan ya ba Muhsina haushi, ba ta san dalili ba.

Sai da suka hau babban titi a Kwanar Ɗangora motar ta daidaita, a nan ne kuma Malam Sale ya buɗe ido.

"Baba," in ji Muhsina. "Sannu Baba. Kano za mu, an kusa."

Ya dube ta. Idon ya sauka a kan Mujitaba, ya tsaya kaɗan, ya wuce ƙeyar Abdulmalik, ya wuce hular Baffa, ya dawo kanta. Sannan ya sake farawa daga farko. Bakinsa da ya karkace yana motsi, wani sauti yana fitowa wanda ba kalma ba ne. Hannunsa na hagu, mai sauran rai, ya ɗago yana lalube a iska.

"Ruwa yake so," in ji Mujitaba.

Ta kwance ƙullin, ta zuba ruwa a murfin filas, ta hura, ta kai masa cokali baki. Ya kau da kai, ruwan ya zube a wuyan rigarsa. Ta kama hannun da ke laluben ta riƙe. Ya matsa yatsunta, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kaya a kasuwa, sannan ya saki ya ci gaba da lalube. Ba hannunta yake nema ba. Idon ya sake zagaya motar a karo na uku, kuma a nan Muhsina ta gane cewa ƙirga mutane yake yi.

Ta zaro waya ta kira lambar Inna. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira.

"Wayarta tana gida," in ji Mujitaba a hankali, yana kallon taga. "A kan randa na gan ta da za mu fito."

"Inna tana nan tafe, Baba," ta ce, ta sunkuya daidai kunnensa. "Gobe da safe za ta zo. Wuri ne bai isa ba."

Ko ya ji ko bai ji ba, Allah ne masani. Hawaye ya gangaro daga idonsa na hagu ya shiga kunne. Muhsina ta girma ba ta taɓa ganin iyayenta zaune a tabarma ɗaya ba, ba ta taɓa jin ɗaya ya kira sunan ɗaya ba. Abin da ta sani shi ne Inna takan ajiye masa tuwo ta koma gefe, shi kuma idan ya dawo kasuwa yakan ajiye goro a bakin taga ya wuce ba magana. Ita da take hira da mijinta a waya sau biyar a yini ta ɗauka zaman nasu sabo ne kawai da haƙuri. Ga shi a cinyarta yana neman matarsa da duk abin da ya rage masa na ƙarfi.

Suna cikin ƙasar Bebeji numfashinsa ya canza. Ya zama mai tsawo da ƙara, yana tsayawa yana dawowa. Baffa ya ajiye carbi, ya juyo iya yadda ƙafarsa ta bari, ya fara maimaita kalmar shahada da ƙarfi, Mujitaba ya kama, Muhsina ma ta kama da muryar da ba ta gane tata ba ce. Leɓen Malam Sale ya motsa tare da su, yatsansa manuni ya ɗan ɗaga. Abdulmalik ya ƙara wuta har motar tana kakkarwa. Ba su kai Kura ba numfashin ya tsaya, aka jira ya dawo bai dawo ba.

"Tsaya, Abdulmalik," in ji Baffa.

Suka gangara gefen titi. Baffa ya fito da sandarsa, ya zagayo, ya sa hannu a wuyan ƙaninsa ya daɗe. Mutum ne da ya wanke gawa ba adadi, ba ya bukatar likita ya gaya masa. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya shafe masa ido, ya karɓi ɗaya daga cikin zannuwan da Inna ta ƙullo ya lulluɓe shi har kai. Mujitaba ya kifa fuska a gwiwar mahaifinsa, kafaɗunsa suna girgiza ba sauti. Manyan motoci suna wucewa suna kaɗa Golf ɗin.

Titin mai hannu biyu ne da shinge a tsakiya, don haka sai da suka ci gaba da tafiya wajen Kano da gawar har kusan kilomita huɗu kafin su samu inda za su juya. Ba wanda ya canza wuri. Muhsina ta dawo da kan mahaifinta a cinyarta kamar yadda ta tafi da shi, sai dai yanzu ya fi nauyi, ɗan da ke cikinta kuma yana ta shure-shure a jikinsa. Duk hanyar idonta yana kan ɗan wurin nan da ke tsakanin kujerun gaba, inda Abdulmalik ya ajiye tsumman goge gilashi.

Labari ya riga su isa. Baffa ya kira limami tun daga hanya, saboda haka da suka shigo Ɗansoshiya ƙofar gida ta cika da maza, an aika a haƙa kabari. Aka yi masa sutura, aka sallace shi bayan la'asar, aka tafi da shi a makara ƙarƙashin hadarin da ya haɗo bai zubo ba. Muhsina ba ta samu ganin Inna ita kaɗai ba. Mata sun cika ɗakin da tsakar gidan, ana shigowa ana fita, ana cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri, Inna tana zaune a kusurwar tabarma da carbi tana amsawa ba hawaye ko ɗaya. Wasu har suna yaba ƙarfin zuciyarta.

Sai da rana ta yi ja mata suka tashi ɗora tukunya ɗakin ya ɗan yi sarari. Muhsina ta shigo ta zauna a gefen tabarmar da ƙyar, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura.

"Wa ya riƙe masa kai?" Inna ta tambaya, idonta a kan carbi.

"Ni ce, Inna."

"Ya samu kalma?"

"Ya samu. Baffa ya laƙƙana masa, bakinsa ya motsa, ya ɗaga yatsa."

"Alhamdulillahi." Ta ja ƙwayar carbi biyu. "Ya sha ruwan?"

"Bai sha ba."

"Bai nemi komai ba?"

Muhsina ta ji kanta ya fara aikin da ya saba. Idan ta ce bai nemi komai ba, Inna za ta zauna da cewa ya tafi bai tuna da ita ba. Idan ta faɗi gaskiya, Inna za ta zauna da cewa ya neme ta bai same ta ba. Ta bi kowanne har ƙarshe, ba wanda ta iya sokewa. Sai ta bar lissafin.

"Ke yake nema, Inna. Ya buɗe ido ya duba motar sau uku. Na ba shi hannuna ya saki."

Carbin ya tsaya. Inna ta juya fuskarta wajen bango, inda babbar rigarsa ta Juma'a ke rataye a ƙusa. Da ta yi magana muryarta ba faɗa a ciki, kuma wannan ya fi yi wa Muhsina ciwo, da ma zaginta ta yi.

"Akwai wuri a gaba. Tsakanin Baffanku da mijinki. Na gan shi."

"Na gan shi ni ma. Na ɗauka ba za ki iya zama a tsakaninsu ba."

"Shekara arba'in da ɗaya ina jin kunyar Baffanku. Da na ajiye ta na awa biyu, ai ba guduwa za ta yi ba."

"To me ya sa ba ki faɗa ba, Inna?" Kuka ya ƙwace mata a tsakiyar maganar. "Da kin ce ko da kalma ɗaya. Da ni na sauka ma."

"In faɗa a gabansu? In ce ni zan bi mijina ko a cinyar wa zan zauna?" Inna ta girgiza kai. "Bakina ba zai iya ba. Ke nake jira ki tambaye ni. Da kin ce, Inna za ki iya zama a nan, da kai kawai zan ɗaga."

Muhsina ta tuna da takardar asibitin. Duk sharuɗɗan da ta jera a bayan takardar akwai wanda ya ba ta su, ƙafar Baffa ce, girman Yaya Mujitaba ne, cikinta ne. Na Inna kaɗai ne ita ta rubuta da kanta, mai shi tana tsaye taku goma daga inda take.

"Ki yafe mini, Inna."

"Kwanansa ne ya ƙare," in ji Inna. "Ko ina motar sai ya tafi." Sannan ta ƙara a hankali, "Sai dai da ya gan ni."

A nan ne hawayen ya zo mata, ba ƙara, ta bar shi yana zuba a kan mayafi. Muhsina ta miƙa hannu za ta taɓa ta, sai aka yi sallama a bakin ƙofa. Dangin Inna ne daga Yako, sun iso a kan babura, ƙafafunsu duk taɓo. Inna ta share fuska da sauri, ta gyara zama, ta amsa sallamar.

"Matsa, Muhsina," ta ce. "Ba su wuri."

Muhsina ta matsa. Tabarmar ta mutum huɗu ce, amma mata bakwai suka zauna a kanta, kafaɗa da kafaɗa, ba wadda ta rage a tsaye.